Gyaran Kofaton Doki Mai Rauni da Tsagewa: Abinci, Turke da Yanka

Kofaton da ke tsagewa yau ba yau ya lalace ba. Bangon kofato daga sama yake tsirowa, daga bakin gashi, wato zoben nan mai taushi inda fata ta haɗu da kofato, yana gangarowa ƙasa kamar yadda farcen mutum ke fitowa daga gindinsa. A wata guda yakan ƙaru da milimita 6 zuwa 10. Da irin wannan tafiya, goshin kofato sai ya yi wata 9 zuwa 12 kafin ya sabunta gaba ɗaya, gefuna wata 6 zuwa 8, dunduniya kuwa wata 4 zuwa 5 saboda ta fi gajarta. Ke nan ɓangaren da ke taka ƙasa yanzu da abincin bara aka gina shi, kuma babu mai ko allura ko garin magani da zai shiga cikinsa ya sake masa ƙira. Aiki biyu ne a gaban mai doki: ya ciyar yadda sabon da ke tsirowa zai fito da ƙwari, ya kuma lallaɓa tsohon kada ya farfashe kafin sabon ya iso ƙasa. Wanda ya tashi neman maganin kofato saura mako uku hawan Sallah ya makara. Abin da ya rage masa shi ne gyaran baki da rage sukuwa a kan kwalta.

Kafin ka sayi komai, wanke ƙafafun huɗu, ka bari su bushe, ka duba su da rana. In duka huɗun ne ke ɓarɓashi, gashin jiki ya dushe, wutsiya na kakkaryewa, to ka zargi abinci ko wata cuta a jiki. In ƙafa ɗaya ce ko biyu, galibi laifin yanka ne, ko tsohon rauni a bakin gashi, ko yanayin takun dokin. Idan daga sama kofaton sumul yake, sai can ƙasa ya baje yana guntulewa, tsawo ne ya yi masa yawa, ko danshin turke ya ci shi. Zobba da suka kewaye kofato a kwance kuwa tarihi ne: kowanne na nuna lokacin da dokin ya yi zazzaɓi, ko aka sauya masa abinci farat ɗaya, ko aka fita daga rani aka shiga damina. Amma in tazarar zobban ta fi faɗi ta wajen dunduniya, ta matse ta goshi, wannan alamar tsohon kumburin cikin kofato ce, kuma ta wuce gyaran gida.

Abin da ke cikin komi

Kofato furotin ne mai suna keratin, kuma ƙarfinsa ya dogara ga wasu ƙwayoyin furotin masu ɗauke da farar wuta, irin su metiyonin. Dokin da ba ya samun furotin mai kyau ba zai yi kofato mai kyau ba, ko da ƙiba ta cika masa ido. A nan ne masu dawaki da yawa ke ruɗuwa, domin dawa da gero da dusa suna sa doki ya yi ɓulɓul, ya yi sheƙi, alhali abin da kofato ke nema bai ishe shi ba.

Fara da sanin nauyin dokin, don duk lissafi a kansa yake. In babu sikeli, ɗauki awon tela. Auna kewayen ƙirji daidai inda majayi ke zama, sannan ka auna tsawo daga tsinin kafaɗa zuwa tsinin ɗuwawu, duka da santimita. Ninka kewayen da kansa, ka ninka da tsawon, ka raba da 11,880. Dokin da kewayensa ya kai 160, tsawonsa 150, zai ba ka kilo 323. Yawancin dawakin gida suna tsakanin kilo 300 da 400, manyan dawakin folo na waje sukan haura haka. Wannan na da muhimmanci, saboda awon da ake rubutawa a jikin kwalin magani yawanci na dokin kilo 500 ne.

Ginshiƙin abinci ciyawa ce, ba hatsi ba. Doki na bukatar busasshiyar ciyawa da harawa da suka kai kashi 1.5 zuwa 2 cikin 100 na nauyinsa kowace rana, wato kilo 5 zuwa 7 ga dokin kilo 350. Ƙananan halittu masu amfani da ke cikin babban hanjinsa da ita suke rayuwa, kuma su ne ke ƙera masa bitamin na rukunin B, har da bayotin ɗin da ake saye da tsada. Hatsi in ya yi yawa yakan tsamama hanjin, ya kashe su.

Ga misalin rabon yini ga dokin kilo 350 mai matsakaicin aiki: busasshiyar ciyawa mai kyau, irin su harkiya ko kyasuwa da aka yanka kafin su tsufa, kilo 3.5 zuwa 4. Harawar wake ko ta gyaɗa mai ganye kilo 2 zuwa 2.5, dawa ko gero kilo 1 zuwa 1.5 a raba biyu, safe da yamma; dusa kada ta wuce rabin kilo; garin waken suya da aka gasa ko aka tatse mansa gram 250 zuwa 300; gishiri gram 30, kimanin cokalin cin abinci biyu a shafe. Mudu da tiya sun bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, kuma kwanon dusa bai kai kwanon dawa nauyi ba, don haka ka ɗora kwanonka a kan sikeli sau ɗaya, ka san abin da yake ɗauka. Kowane sauyi a yi shi sannu a hankali cikin kwana 10 zuwa 14.

Batun dusa ya cancanci a tsaya a kai. Kilo ɗaya na dusar alkama na ɗauke da fosfaras sama da gram 10, kalsiyam kuwa da ƙyar ya wuce gram 1. Hatsi ma haka yake, fosfaras ya rinjayi kalsiyam. Jikin doki kuwa so yake kalsiyam ya fi fosfaras, wajen ɗaya da rabi ko biyu a kan ɗaya. In aka juya lissafin na tsawon watanni, jiki sai ya riƙa zaro kalsiyam daga ƙashi. Ƙarshenta ƙashin fuska ya kumbura, doki ya riƙa ɗingishi yau wannan ƙafa gobe waccan, bangon kofato ya riƙa saɓulewa falle-falle domin kalsiyam na cikin abin da ke manne ƙwayoyinsa da juna. Harawa ce ke cike wannan giɓi, don kilo ɗaya na harawa mai ganye na ba da kalsiyam kusan gram 10 ko fiye, ga furotin a kai. Shi ya sa harawar da ganyenta ya zube, sai kara zalla, ba ta biya kuɗinta ba. In harawa ta yi tsada a ƙarshen rani har aka koma kan dusa, a zuba garin laimiston irin na masu haɗa abincin kaji, gram 35 zuwa 40 a kan kowane kilo na dusa.

Waken suya ya fi ƙuli-ƙuli amfani a nan saboda ya fi shi laisin, wanda shi ne ƙwayar furotin da ke fara ƙarewa a abincin doki. Sai dai ba a ba da shi ɗanye, domin akwai wani sinadari a cikinsa da ke hana narkewar furotin, wuta ce ke kashe shi. Ƙuli-ƙuli da masarar da suka yi fumfuna kuwa a zubar, gubar fumfunar na lalata hanta da ƙwaƙwalwar doki. Kanwa tana da gurbinta a al'adar kiwo, amma ba ta maye gishiri, ba ta kuma ɗauke da abin da kofato ke nema, kuma in ta yi yawa zawo take sawa. A rani, in busasshiyar ciyawa ta haura wata shida a ajiye, bitamin A da ke cikinta ya kusa ƙarewa, don haka ɗan ɗanyen haki na fadama ko karas kaɗan kullum yana taimakawa. Ruwa kuma ya zauna a gabansa: lita 20 zuwa 25 a lokacin sanyi, ninkin haka ko fiye a bazara.

Ƙarin sinadarai, da waɗanda ke kisa

Bayan an daidaita wancan ne ake maganar ƙari. Bayotin shi ne wanda bincike ya fi tsaya masa. An gwada shi a kan ingarmun dawaki nau'in Lipizzaner na shahararriyar makarantar hawa da ke Viyana, babban birnin Ostiriya, aka riƙa ba su miligram 20 kullum, kuma sakamakon da aka wallafa a 1995 ya nuna ingancin kofato ya ƙaru, amma sai bayan kimanin wata tara. Miligram 15 zuwa 20 a rana ya isa. In ba a samu na dawaki ba, ƙwayar bayotin ta mutane da ke kemis tana yi: wadda aka rubuta wa 10,000 mcg miligram 10 ce, don haka biyu ake dakawa a zuba a jiƙaƙƙiyar dusa. Kullum ake ba da shi, ba fashi, tsawon wata 9 zuwa 12. Wanda ba zai iya jure wannan kuɗin ba gara ya sa shi a harawa, domin bayotin na wata guda asara ce kawai. Ba kowane doki ne kuma zai nuna sauyi ba. Masu fasa wa doki ɗanyen ƙwai su sani cewa farin ƙwai ɗanye na ɗauke da wani furotin da ke kama bayotin ya hana jiki amfani da shi.

Sai zinki da sinadarin jan ƙarfe. Bisa ma'aunin da Majalisar Bincike ta Amurka ta fitar a 2007, dokin kilo 500 na bukatar zinki miligram 400 da jan ƙarfe miligram 100 a rana. Ga dokin kilo 350 ya kama wajen 280 da 70. Busasshiyar ciyawa ba kasafai take cika wannan ba. Tare ake ba da su, zinki ya ninka jan ƙarfe sau uku zuwa huɗu, saboda in ɗaya ya yi yawa yakan tare wa ɗayan hanya a hanji. Sinadarin baƙin ƙarfe ma haka yake yi musu, shi ya sa ɗura wa doki maganin ƙarin jini ba tare da an gwada jininsa ba kan jawo akasin abin da ake nema. Waɗannan awo ne na miligram, hannu da cokali ba sa iya su, don haka a nemi haɗin da aka yi domin dawaki, a karanta adadin da ke jikinsa. A kuma hana tumaki lasar komin, domin jan ƙarfen da doki ke ɗauka lafiya lau kan taru a hantar tunkiya ya kashe ta. Metiyonin, in ana so a ƙara, gram 2 zuwa 3 a rana ya wadatar.

Sinadarin seleniyam shi ne abin tsoro. Doki na bukatar kimanin miligram 1 a rana, kuma tazarar da ke tsakanin isa da guba ƙarama ce. In ya yi yawa a hankali, yakan shige gurbin farar wuta a cikin keratin, sai gashin wuya da na wutsiya su zube, kofato ya tsage a kwance, wani lokaci ya kwaɓe gaba ɗaya. Wato maganin da aka saya don gyara shi ne ke ɓarnar. In ya yi yawa lokaci guda, mutuwa ce: a 2009 dawakin folo 21 suka mutu a jihar Filorida ta Amurka bayan an yi musu allurar haɗin bitamin da seleniyam ya yi wa yawa. Saboda haka kada a haɗa garin ƙari iri biyu ko uku, a kuma bi da allurar bitamin E da seleniyam, ba tare da an tara jimillar ba.

Abincin kaji da na shanun turka, da garin bitamin ɗin da ake zuba musu, kada su kusanci doki. Wasu na ɗauke da wani magani mai suna monensin, wanda ɗan kaɗan daga cikinsa ke lalata tsokar zuciyar doki.

Inda yake tsaye

Mutane kan ɗauka bushewa ce ke tsaga kofato, sai su yi ta zuba masa ruwa da mai. Gaskiyar ita ce danshin bangon kofato, wanda ya kai kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa, daga cikin ƙafa yake zuwa, kuma kofaton da ya zauna a busasshen wuri kullum tauri yake yi. Abin da ke lalata shi jiƙewa da bushewa ne a kai a kai: ya sha ruwa ya kumbura, rana ta buga ya tsuke, gobe a maimaita. Dokin da ake yi wa wanka kowace safiya a bar shi cikin caɓi, sannan a ɗaure shi a rana, yana cikin wannan hali. Haka ma farkon damina, da lokacin da hunturu ya shigo bayan ɗaukewar ruwa. In an yi wanka, a yi a kan daɓe ko tsakuwa inda ruwa ke gudu, a goge kofaton da tsumma.

Fitsari ya fi ruwa ɓarna, domin sinadarin da ke sa shi wari yana narka keratin. Turken da doki ya haƙe da ƙafa ya zama kwari yakan tara fitsari daidai inda ƙafafun baya ke tsayawa. A cike shi ya zama tudu mai ɗan gangara, a zuba yashi mai kauri, a kwashe kashi da jiƙaƙƙen yashi safe da yamma, a riƙa sauya wurin ɗauri in da fili. Kada a zuba toka don tsotse danshi, in ta jiƙe cin kofato take yi. Tunda a kan yashi yake, abincinsa ya zauna a komi, kada ya riƙa haɗiyar yashi ya jawo ciwon ciki.

Kullum a ɗaga kowace ƙafa a sakace ta da ƙarfe mara kaifi, daga dunduniya zuwa goshi, musamman ramukan da ke gefen tsokar tafi, wato tudun nan mai kusurwa uku da ke tsakiya. In aka ga baƙin ruwa mai ɗoyi, ruɓa ta shiga. A wanke da burushi, a busar, a tura audugar da aka jiƙa da ruwan aidin cikin ramin, a sauya kullum har mako ɗaya ko kwana goma. In turken bai bushe ba, ruɓar za ta dawo.

Baƙin man inji, kananzir da man birki ba su da wuri a ƙafar doki. Suna sa sheƙi na ɗan lokaci, suna cin siririn rufin da ke kāre bangon, suna ƙona bakin gashi inda sabon kofato ke tsirowa. In bakin gashi ko dunduniya sun bushe suna tsattsagewa da hunturu, ɗan man kaɗe a murza a wurin sau biyu a mako ya isa. Ba a laɓta mai a tafi. Sannan a sa dokin ya motsa, domin kowane taku na tura jini cikin kofato. Tafiyar minti 30 zuwa 45 kullum a ƙasa mai laushi ta fi ɗaurin kwana shida da sukuwar yini ɗaya.

Yanka

Kofato mai rauni ba ya jiran ya yi tsawo. A gyara shi duk mako 4 zuwa 5, kaɗan-kaɗan, da awartaki da magagari, ba sara da adda a kan kututture ba, wanda ke girgiza bango ya buɗe tsaga. In ya yi tauri da rani, a tsayar da dokin a jiƙaƙƙen buhu na minti 15 kafin a fara. Idan aka dube shi daga gefe, goshin kofato da wuyan ƙafa su tafi a layi ɗaya, abin da kan kama digiri 50 zuwa 55 a ƙafar gaba. Daga baya kuma, dunduniya biyu su yi daidai. Goshi in ya yi tsawo, kowane taku na ɓamɓare bango daga tafi, sai siririn farin layin da ya haɗa su ya buɗe, tsakuwa da ƙwayoyin cuta su samu ƙofa.

Bayan an daidaita ƙasan, a bi bakin bangon da magagari a kashe masa kaifi ya zama zagaye. Wannan ɗan aikin shi ne ya fi komai hana guntulewa, kuma mai doki na iya maimaita shi da kansa duk mako biyu. Kada a kankare fuskar bango har sama don kwalliya, kada kuma a fafe tafi har ya yi taushi a ƙarƙashin babban yatsa. Dokin da zai yi kwanaki a kan kwalta, kamar lokacin hawan Sallah a Kano ko Katsina ko Zazzau, kofatonsa kan ci fiye da yadda yake tsirowa. Takalmin ƙarfe na kāre shi, amma ga bango mai rauni a yi amfani da siraran ƙusoshi, shida maimakon takwas, kada a buga su bayan inda kofato ya fi faɗi, kada kuma a bi tsofaffin ramuka. A cire ko a sake zama duk mako 6.

Tsagar da ta taso daga ƙasa, mara zurfi, gyaran baki kan ishe ta, za ta fice da yanka. Wadda ta fara daga bakin gashi ta gangaro, ko take buɗewa da rufewa in doki na tafiya, ko take fitar da jini ko ruwa, ta likita ce. Ɗora wuta ko yin tsaga a kwance a samanta ba ya tsayar da ita muddin nauyi na ci gaba da faɗa wa wurin. Rage wa ɓangaren nauyi ne ke tsayar da ita. Kada a toshe tsaga mai ruwa da gam ko kwalta, rufe ƙwayar cuta ne a ciki.

Abubuwa biyu ba sa jiran gobe. Na farko, doki ya miƙe ƙafafun gaba ya koma da nauyinsa baya, kofato ya ɗau zafi, jijiyar bayan wuyan ƙafa na bugawa da ƙarfi. Wannan kumburin cikin kofato ne, kuma sau da yawa yakan biyo bayan an ɗura wa doki hatsi don ya cika kafin biki, ko ya kwance ya faɗa wa buhu. A janye hatsi nan take, a tsayar da shi a yashi mai zurfi, a sa ƙafafun cikin ruwan ƙanƙara, kada a tilasta masa tafiya, a kira likitan dabbobi. Na biyu, taka ƙusa. A lura da daidai inda ta shiga da zurfinta, a wanke, a ɗaure, a nemi allurar tetanas a ranar, domin doki na cikin dabbobin da cutar ta fi saurin kamawa.

Don ka san ko gyaran na ci, ranar da ka fara ka yi ɗan zane mara zurfi da gefen magagari, santimita ɗaya ƙasa da bakin gashi, ka ɗauki hoton kowace ƙafa da waya daga gaba da gefe. Duk wata ka auna tazarar. Bayan wata uku ya kamata ka ga sabon tsiro mai faɗin santimita 2 zuwa 3 a saman zanen, sumul, ba zobba. In wata huɗu ya wuce sabon bai bambanta da tsohon ba, abincin na shiga amma jiki ba ya cin moriyarsa. Sai likita ya duba haƙora ko sun yi tsini suna hana tauna, ya gwada kashi don tsutsar ciki, ya kuma ɗebi jini don sammore da cututtukan kaska.